Filin Tambayoyin Lissafi: Lambar da ta cinye lambobin wayar iyayen yara

Jama'a barkanmu da sake haɗuwa. Wannan watan wasiƙu sun ɗan taru, biyar zan ɗauka, sauran ku yi haƙuri sai wata mai kamawa in Allah ya kai mu. Abin da ya bani dariya shine masu tambayar basu san juna ba, wani daga Kano wani daga Damagaram, amma kusan dukkansu lamba ɗaya suke zagayawa.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ina koyon rubuta manhaja ne, sai mai wata islamiyya a unguwarmu yace in yi musu ɗan rumbun bayanan ɗalibai. Na yi da MySQL komai ya tafi daidai, amma da na buɗe sai naga lambar wayar iyayen yara duk ta koma 2147483647, yara sama da ɗari biyu amma lamba ɗaya. Na goge na sake, haka dai. Abokina yace bairos ne. Don Allah wace irin lamba ce wannan kuma daga ina ta fito? (Daga wani ɗalibi a Kano)

AMSA: Ƙanena kwantar da hankalinka, ba bairos bane kuma ba aljanu bane. Kai ne ka miƙa wa kwamfuta mudu kace ta zuba maka buhu a ciki. Ko ban ga aikin ba nasan abinda kayi, gurbin lambar waya ka sa masa INT saboda a ranka ai lamba ce. To shi INT ɗin nan ɗaki 32 kacal aka ware masa a ƙwaƙwalwar na'ura, kowane ɗaki ko 0 ne a ciki ko 1, su ake ce wa bit. Ɗaya daga ciki an riga an ɗauke shi don ya riƙa nuna ko lambar tana sama da sifili ko tana ƙasa, saura 31 kenan.

Bari mu gwada da ƙarami ka gani. Da ace ɗaki uku ne kawai, in ka cika su duka da 1 zaka samu 111, wanda a lissafin kwamfuta yake nufin 4 da 2 da 1, wato 7. Ka lura 7 shine 8 ban da ɗaya. In ɗaki biyar ne 31 zaka samu, wato 32 ban da ɗaya. To haka abin yake tafiya, in ka jera 2 guda 31 ka ninka su da juna sannan ka cire ɗaya, abinda zai fito shine 2,147,483,647, biliyan biyu da miliyan ɗari da arba'in da bakwai da dubu ɗari huɗu da tamanin da uku da ɗari shida da arba'in da bakwai. Nan ne bakin mudun. Kamar dai mitar babur ce da ta kai 99999, babu sauran wurin da zata sa wani abu.

Yanzu dubi lambar wayarmu ta Najeriya, alƙalumma 11 ce kuma da sifili take farawa. Kwamfuta in ka ce mata lamba ce sai ta yar da sifilin gaba tunda a wajenta ba shi da amfani, saura goma, kuma gomar nan da 7 ko 8 ko 9 suke farawa, kaga kenan mafi ƙanƙantarsu ma ta kai biliyan bakwai. Ina biliyan bakwai zata shiga ɗakin biliyan biyu? Shi kuma MySQL ya danganta da saitin da aka yi masa, wani saitin zai ƙi karɓa ya nuna maka kuskure, wani kuma sai yayi shiru ya danna maka mafi girman abin da zai iya ɗauka ya wuce abinsa, naka irin na biyun ne.

Maganin mai sauƙi ne, ka mayar da gurbin VARCHAR, wato rubutu. Wasu zasu ce maka ka sa BIGINT, zai ɗauka kam amma sifilin gaba zai ɓace maka har yanzu. Ni dokar da nake ba yara ita ce duk abin da ba zaka taɓa tara shi da wani ko ka ɗebe shi ba, to suna ne aka rubuta da alƙalumma, ka ajiye shi a matsayin rubutu. Wa ya taɓa tara lambar wayar mutum biyu? Haka BVN, haka NIN, haka lambar akawun banki. Sai dai labari mara daɗi, lambobin da ka riga ka shigar sun tafi, rumbun bai ɓoye su a wani lungu ba, sai dai ka ɗauko rajistar makarantar ka zauna ka sake bugawa. Kuma tunda kana kan koyo ga wata ƙari, in wata rana ka yi manhajar kuɗi kana ajiye lissafi da kwabo a cikin INT, iyakarka naira 21,474,836 da kwabo 47. Ɗan kasuwar Kantin Kwari ɗaya ya isa ya fasa maka ita kafin azahar.

Kar ka ji kunya, manya ma ta taɓa su. A watan Disamba na 2014 YouTube suka sanar cewa wani bidiyon waƙa daga Koriya ta Kudu ya haura wannan adadin na masu kallo, dole suka faɗaɗa ma'aunin nasu zuwa bit 64, wanda iyakarsa 9,223,372,036,854,775,807. Akwai kuma wadda ke tafe. Na'urori da yawa suna ƙirga lokaci ne da daƙiƙa tun daga 1 ga Janairu 1970, kuma daƙiƙa 2,147,483,647 shekara 68 ce da 'yan kwanaki, to ranar Talata 19 ga Janairu 2038 da ƙarfe 4:14 da daƙiƙa 7 na asuba agogon Najeriya da Nijar mudun zai cika, duk na'urar da ba a gyara ba a daƙiƙa ta gaba zata ɗauka an koma Disambar 1901. Sababbin wayoyi da kwamfutoci galibi sun riga sun koma 64, damuwar tana wajen tsofaffin injina da aka dasa aka manta da su shekara da shekaru suna aiki.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni malamar lissafi ce a sakandaren 'yan mata. Ɗalibaina sun iya cewa 7 ko 13 ba sa rabuwa, amma da zarar lamba tayi tsawo sai su tsaya. Wata ta tambaye ni wai mutanen da ta yaya suke gane babbar lamba ba ta rabuwa alhali babu kalkuleta, kuma wai ire-iren lambobi nawa ne. Na ba ta amsa amma ni kaina ban gamsu ba. (Daga wata malama a Katsina)

AMSA: Wa alaikumus salam Malama, Allah ya saka da alheri, kuma yarinyar nan ki riƙe ta da kyau. Bari in ari lambar ɗan uwanmu na sama mu yi aikin da ita, don wallahi da wuya a samu misalin da ya fi ta.

Abu na farko da ake duba wa lamba shine shafa'i ce ko wutiri, kalmomin nan yara sun san su daga sallah ba sai an sha wahalar bayani ba. Tamu da 7 ta ƙare, wutiri ce, 2 ba zai raba ta ba. Ba ta ƙare da 0 ko 5 ba, 5 ya fita. A tara alƙalummanta, 2 da 1 da 4 da 7 da 4 da 8 da 3 da 6 da 4 da 7, sun ba da 46, shi kuma 46 baya rabuwa da 3, don haka 3 da 9 sun fita. Ki gwada 7 a allo zaki ga ragowar 1, ki gwada 11 shima ragowar 1. Daga nan ne gumi ke farawa, saboda lambar da babu mai raba ta sai 1 da ita kanta, wadda Turawa ke ce wa firaim ni kuma nake ce mata gagara-rabo, ba a tabbatar da ita da gwaji biyar ko goma.

Dabara ta farko wadda ya kamata kowace ɗaliba ta sani, ba sai an gwada har ƙarshe ba. In lamba ta rabu gida biyu, dole ɗaya ɓangaren ya zama ƙarami in ɗayan babba ne. 46,341 in kika ninka ta da kanta zata ba da 2,147,488,281 wanda ya ɗan haura lambarmu, kenan in har akwai mai raba ta to akwai shi a ƙasa da 46,341. Daga gwaji biliyan biyu mun sauko dubu arba'in da shida. In kuma gagara-rabo kawai za a gwada, sun kusa dubu biyar. Da sauƙi amma har yanzu aikin watanni ne ga mai alƙalami da takarda.

To a nan ne Leonhard Euler ya shigo, mutumin Basel ta ƙasar Suwizalan, sunan nasa Oila ake furta shi. A 1772 yana zaune a St. Petersburg ta Rasha, lokacin idanunsa sun kusa tafiya gaba ɗaya, ya rubuta wa wani masanin lissafi mai suna Bernoulli wasiƙa cewa ya tabbatar 2,147,483,647 gagara-rabo ce. Yadda yayi shine abin sha'awar. Lambobin da ake samu ta hanyar ninka 2 da kansa a cire ɗaya suna da wani hali, ba kowa ke iya raba su ba. Ki duba 2 guda 11 a cire ɗaya, 2047 kenan, tana rabuwa 23 sau 89. To 23 shine 22 da ɗaya, 89 kuma 88 da ɗaya, duk biyun ninkin 22 ne aka ɗora musu ɗaya. Wannan Fermat, wani masanin lissafi Bafaranshe, ya gano shi tun kafin a haifi Euler. Kenan a tamu mai 31 duk mai raba ta dole ya zama ninkin 62 da ɗaya a kai. Euler ya ƙara wani sharaɗin, cewa in aka raba mai rabawar da 8 ragowar 1 ce ko 7. Da ya haɗa sharuɗɗan biyu sai ya zama lambobin da suka rage sune waɗanda in an raba su da 248 suke barin 1 ko 63, kuma irinsu a ƙasa da 46,341 basu wuce ɗari uku da saba'in da 'yan kai ba, cikinsu ma da yawa ba gagara-rabo bane ba sai an taɓa su ba. Ta farko da ta cancanci gwaji ita ce 311. Ki ba 'yan ajinki su raba, zasu samu 6,905,092 da ragowar 35. In sun yi wannan sun taka sawun Euler da ƙafarsu, ina ganin ya fi musu haddace ma'ana daga littafi.

Irin waɗannan lambobin sunan Marin Mersenne suke ɗauke da shi, wani limamin kirista Bafaranshe da ya fitar da jeri a 1644 yace in adadin 2 ɗin ya zama 2, 3, 5, 7, 13, 17, 19, 31, 67, 127 ko 257 to gagara-rabo za a samu. Ya dace a 31 da 127, ya kuskure a 67 da 257, ya kuma tsallake 61 da 89 da 107. Labarin 67 ɗin nan yara zasu so shi. A 1903 a wani taron masana lissafi a New York, Frank Nelson Cole ya tashi ya nufi allo bai ce uffan ba, a gefe ɗaya ya lissafa 2 guda 67 ya cire ɗaya ya samu 147,573,952,589,676,412,927, a ɗaya gefen ya ninka 193,707,721 da 761,838,257,287 da hannu, amsa ta fito iri ɗaya, ya koma ya zauna aka hau tafi. An ce daga baya ya faɗa cewa ranakun Lahadi na shekara uku ya kashe yana nema.

Tamu ita ce ta takwas a jerin gagara-rabon Mersenne, bayan 3, 7, 31, 127, 8191, 131071 da 524287. Kuma tana da wata ƙarin daraja, shi 31 ɗin da ya haife ta shima ɗan gidan ne tunda 32 ne ban da ɗaya. Masu irin wannan gadon ta uwa ta uba guda huɗu kawai aka sani a duniya, 7, da 127, da tamu, sai wata mai alƙalumma 39 da ake samu daga 2 guda 127, wadda Edouard Lucas ya tabbatar a 1876 shima da hannu.

Sai wani rabe-raben lambobin da tsofaffin Girkawa suka fara, malaman Larabawa suka ɗora. A tara duk masu raba lamba ban da ita kanta. In jimlar ta gaza lambar, tauyayya ce, kamar 8 da masu raba ta 1, 2, 4 suka ba da 7. In ta haura mai rara ce, kamar 12 da take ba da 16. In kuwa ta zo cif, kamar 6 wato 1 da 2 da 3, ko 28 wato 1, 2, 4, 7, 14, to wannan cikakkiya ce, Larabawa suna ce mata adadi tammu. Lambarmu a wannan ma'aunin ita ce matalauciyar ƙarshe, duk girmanta jimlarta 1 ce tak. Amma ita ke haifar cikakkiya. Euclid, masanin lissafin Girkawa, ya nuna tun kusan shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa cewa duk gagara-rabo irin wannan in aka ninka ta da rabin lambar da ke gabanta cikakkiya za a samu. 3 sau 2 shine 6, 7 sau 4 shine 28, 31 sau 16 shine 496, 127 sau 64 shine 8128. Tamu kuma in aka ninka ta da 1,073,741,824 sai ta ba da 2,305,843,008,139,952,128, cikakkiya ta takwas. Ibn al-Haisam, ɗaya daga cikin malaman Larabawan nan, ya yi ƙoƙarin nuna cewa duk cikakkiyar da take shafa'i ta wannan hanyar kaɗai take zuwa, Euler ne ya kammala hujjar. Ko akwai cikakkiya wutiri kuwa, har yau babu wanda ya samo ɗaya kuma babu wanda ya iya tabbatar da babu, sama da shekara dubu biyu ana abu ɗaya. Ki faɗa wa yarinyar nan ƙofa a buɗe take.

TAMBAYA: Malam a cikin takardun marigayi mahaifina na ga wani hatimi da aka rubuta 220 a gefe da 284 a ɗaya gefen da alƙalumman Larabci. Akwai wani lissafi a ciki ne ko kuwa sirri ne kawai? (Daga wani dattijo a Damagaram)

AMSA: Baba Allah ya jiƙan mahaifi. Akwai lissafi kuwa. Masu raba 220 sune 1, 2, 4, 5, 10, 11, 20, 22, 44, 55 da 110, in an tara su 284 ne. Masu raba 284 kuma 1, 2, 4, 71 da 142, in an tara su 220 ne. Kowacce cikinta 'yar uwarta ce, shi yasa Larabawa suka kira su lambobi masu ƙaunar juna, kuma Sabit bin Ƙurra wanda ya zauna a Bagadaza ya rasu a 901 ya fitar da ƙa'idar samo irinsu. Ibn Khaldun ma ya ambaci cewa masu ɗalasimai suna amfani da waɗannan biyun don neman soyayya tsakanin mutane, inaga ta wannan hanyar suka iso takardun malamanmu. Dama ilimin jera lambobi a hatimi ba baƙo bane a ƙasar nan, Muhammad bin Muhammad al-Fulani al-Kashinawi mutumin Katsina ya yi rubutu a kansa a 1732 kafin ya rasu a Alƙahira a 1741. Ɓangaren lissafin shi na sani kuma gaskiya ne, hukuncin aiki da shi kuwa sai a tambayi malamai. Takardun dai a adana su nesa da gara da danshi.

TAMBAYA: Wai da gaske ne labarin mutumin da ya nemi sarki ya biya shi da ƙwayar alkama a kan allon dara har rumbunan sarki suka ƙare? Mun yi musu a majalisa, ni nace ai buhu ɗari ma ya isa. (Daga wani mai shayi a Jos)

AMSA: Ɗan uwa ka faɗi musun nan, ka shirya ba majalisa shayi kyauta. Labarin tsoho ne, Ibn Khallikan ya rubuta shi tun a ƙarni na 13, akan wanda ya ƙirƙiro shaɗaranji, darar nan ta Indiya mai gida 64. Ko ya faru ko bai faru ba wannan daban, amma lissafin babu wasa a ciki. Ƙwaya ɗaya a gidan farko, biyu a na biyu, huɗu a na uku, ana ninkawa. A gida na goma ƙwaya 512 ce kawai, ko tafin hannu bata cika ba, anan ne sarki yake dariya kamar yadda kake yi. Amma in ka tara abin da ke gidaje 31 na farko, ka san nawa ne? 2,147,483,647 cif, lambar ɗalibinmu na Kano ce ta sake dawowa, kuma ko rabin allon ba a kai ba. Gida na 32 shi kaɗai ya fi duk na bayansa a haɗe da ƙwaya ɗaya. In aka kai gida na 64 jimla ita ce 18,446,744,073,709,551,615.

Mu ƙaddara ƙwaya ashirin ke yin giram ɗaya, zaka samu tan sama da biliyan 900. Duk alkamar da duniya ke nomawa a shekara wajen tan miliyan 800 ce, kaga noman sama da shekara dubu kenan na duniya gaba ɗaya. Ita wannan lambar ba gagara-rabo bace, da 5 ta ƙare ai, tana farfashewa zuwa 3, 5, 17, 257, 641, 65537 da 6700417. Biyun nan 641 da 6700417 suna da nasu tarihin, Fermat ya taɓa zaton 4,294,967,297 ba ta rabuwa, sai Euler a 1732 ya nuna cewa su biyun ne in an ninka suke ba da ita.

TAMBAYA: Malam naji ance akwai kuɗi da ake ba wanda ya gano lamba mafi girma da ba ta rabuwa. Ina da laftof, zan iya shiga? Kuma ita ta ƙarshen nawa ce? (Daga wani ɗan bautar ƙasa a Sakkwato)

AMSA: Ta ƙarshe babu ita, kuma wannan ba zato bane, Euclid ya rufe zancen. Kace ka tattara duk gagara-rabon duniya a jeri, to ninka su duka ka ƙara ɗaya, sabuwar lambar babu ɗaya a jerinka da zai raba ta tunda kullum ragowar 1 zai bari. Kenan ko ita kanta gagara-rabo ce ko kuma akwai wata mai raba ta da ba ta cikin jerinka. Misali 2, 3, 5, 7, 11, 13 in ka ninka ka ƙara ɗaya zaka samu 30031, ita tana rabuwa amma da 59 da 509, waɗanda baka lissafa da su ba. Duk inda ka tsaya akwai ta gaba.

Abin da ake gasa a kai shine mafi girma da aka gano. A 1811 wani Bature masanin lissafi Peter Barlow ya rubuta cewa cikakkiyar lambar nan da ta fito daga ta Euler watakila ita ce mafi girma da za a taɓa ganowa, wai tunda abin sha'awa ne kawai mara amfani ba wanda zai wahalar da kansa ya wuce nan. Bawan Allah bai san me ke tafe ba. Ita 2,147,483,647 ɗin ma da yake gani ba ta da amfani, a 1988 wasu masana kwamfuta biyu, Park da Miller, suka ba da shawarar a riƙa amfani da ita wajen sa kwamfuta ta fitar da lambobin kan-mai-uwa-da-wabi, kuma an daɗe ana yi. A 1996 George Woltman ya kafa GIMPS, inda mutane ke ba da aron ƙarfin kwamfutocinsu ana neman gagara-rabon Mersenne, kuma a Oktoban 2024 wani tsohon ma'aikacin kamfanin NVIDIA mai suna Luke Durant ya samo ta 52 da aka sani, 2 guda 136,279,841 a ninka a cire ɗaya. Alƙalummanta 41,024,320. In zaka rubuta ɗaya duk daƙiƙa ba barci ba cin abinci sai ka yi kwana 474 da ɗoriya.

Kuɗi kam akwai. Wata ƙungiya a Amurka mai suna EFF ta biya dala 100,000 kan ta farko da ta kai alƙalumma miliyan goma, wadda aka gano a 2008 a wata kwamfutar jami'ar UCLA, kuma ta ajiye dala 150,000 ga mai alƙalumma miliyan ɗari, da 250,000 ga mai biliyan ɗaya. GIMPS kuma suna ba da dala 3,000 ga wanda ya samo sabuwa da bata kai wancan matakin ba. Shiga kyauta ne, manhajar sunanta Prime95, ka sauke ta ba ka lamba ka gwada. Amma tsakanina da kai, shi Durant ba da laftof yayi ba, dubban injina masu ƙarfi ya yi haya ta intanet a ƙasashe 17, abin da ya kashe ya ninka dala dubu ukun nan ba adadi. Gwajin lamba ɗaya a laftof irin taka zai iya cin makonni injin yana aiki ba tsayawa, ga zafin Sakkwato a watan Afrilu, ga wutar da sai an ga dama a kawo, fankar ciki zata yi ta kuka kamar injin markaɗe. In don sha'awa ne bismillah, ka ɗora ta a kan wani abu iska na shiga ta ƙasa kuma ka bari sai lokacin sanyi. In kuma alawus ɗinka kake son ƙarawa, ka nemi yaran unguwa biyar ka riƙa koya musu lissafin WAEC da yamma.